Yadda Yu Kasirah Ta Hana Yaƙin Kemuning

Ni ne mai kawo mummunan labari a Watulawang. Ba a cikin gari ba, a kan dandamali. Duk shekara bayan an gama girbin shinkafa, ranar bikin share gari, ƙungiyarmu ta ketoprak, wato wasan kwaikwayonmu na gargajiya, takan yi wasan faɗuwar Kemuning, masarautar da kakanninmu suka ce a nan bayan gari take, inda masu buga bulo ke haƙar ƙasa yanzu. Aikina shi ne in shigo da gudu, in zube gaban sarki, in ce rundunar Segara ta ƙetare kogi. Sarki ya fusata ya soke ni, in mutu, in kwanta nan har a ja labule. Tun ina da suma nake wannan mutuwar, ga shi yau kaina ya zama kamar bayan ƙwarya. Saboda haka yawancin abin da na sani game da Yu Kasirah a kwance na gan shi, da ido ɗaya a buɗe. A wajenmu "Yu" yaya mace ce, "Kang" yaya namiji, "Pak" baba, "Dik" kuma ƙane.

Tempe take sayarwa a bakin kasuwa, wato curin waken soya da ake naɗewa a ganye a saya a soya. Gajeriya ce, mai ƙiba daidai, hannunta kullum yana ƙanshin waken soya da ganyen ayaba. Bakinta kuwa ba ya hutawa. Tana magana da mai saye, tana magana da wanda ya wuce bai saya ba, in babu kowa ta juya kan akuyar maƙwabta ko ta yi gardama da rediyo. To ikon Allah, wannan matar ce aka ba matsayin matar sarki, wadda aikinta kaf a wasan shi ne ta tsaya bayan karaga da mafici tana fifita, ba uffan, daga farko har ƙarshe. Ba don ta dace aka ba ta ba. Mai yi a da ce ta yi aure ta koma Surabaya, kayan kuma ba su shiga kowa ba sai ita. An yi sa'a kuma mijinta, Kang Marwoto, shi ne sarkin.

Mu ba mu da rubutaccen wasa. Pak Jumeno wanzami, shugabanmu, yakan tara mu bayan labule ya ce wane zai shiga, wane zai fita, wane zai mutu. Maganar da za ka yi kuwa taka ce, ka nemo ta a cikinka. Doka ɗaya ce kawai: abin da ɗan wasa ya faɗa gaban jama'a ya zauna, ba mai ƙaryata ɗan'uwansa. Magana zarar bunu ce. Wata shekara Kang Parlan, mai fitowa a sarkin Segara, bakinsa ya subuce ya ce a kan ɓauna ya zo. Haka muka ƙarasa wasan kowa na tambayarsa lafiyar ɓauna, har da wanda yake shirin kashewa.

Abin da ya fi ci wa Yu Kasirah tuwo a ƙwarya ba shirun ba ne, rashin sunan ne. Ba ranar da zan tsaya sayen tempe ba ta yi mini jarrabawa ba.

"Dik Sadikun, wuƙar sarki, yaya sunanta?"

"Kiai Lintang."

"Dokinsa fa?"

"Mendung."

"Kurciyarsa ta cikin keji?"

"Manis. Yu, don Allah ba ni na soyawa biyu, sauri nake."

"To matarsa fa?"

"Matar sarki."

"Kun ji ko! Tsuntsuwar da ke kashi a keji ta samu suna, matar da ta haifa masa magaji ba ta samu ba. Ko a manyan masarautu irin su Majapahit, sai a tuna ɗaya ko biyu a bar sauran a duhu. Kowane sarki a ce ɗan wane ne, jikan wane ne. Daga bishiyar kwakwa suke faɗowa?"

Ta daɗe da gama nata binciken, a kan turmi da tukunya. A cewarta sarakunan da ba sa auro 'yar talaka su ajiye bayan karaga, gidan sarautar maƙwabta suke zuwa. Kemuning kuwa ba ta da maƙwabciya sai Segara. Ashe ke nan matar nan ƙanwar sarkin Segara ce, kuma masu ba da labari da gangan suka cire sunanta, don in aka san yayanta ne ke zuwa, kowa zai tambaya me ya hana ta shiga tsakani. Maza kuwa in ba yaƙi a labari barci suke yi.

"Da ta buɗe baki," in ji ta, tana ɗaure mini ganye, "da ba a yi yaƙi ba. Da Kemuning na nan da ganuwarta. Da Turawan Holanda sun zo sun tarar da ƙofa a rufe, su sayi barkononsu ta taga su koma. Da yau ni ke kai tempe fada, ana buɗe mini laima. Kai kuwa Dik, da ka zama waziri..." Sai ta dube ni sama da ƙasa. "A'a. Kai ko a can ma ɗan aike ne."

Sau ɗaya ta kai wa Pak Jumeno ƙara a shagonsa. Ya ce, "Haba Yu, ai shiru ma magana ce." Ta ce to shi ma ya riƙa yin irinta in yana aski, mutane su huta. Bai sake ba ta wannan amsar ba, amma bai ba ta magana a wasa ba.

Kang Marwoto kuwa mai gyaran keke ne, siriri, mai sanyin hali. A gida in ya yi magana uku a yini an ci riba, don duk maganar gidan matarsa ta riga ta yi. Amma da zarar ya ɗaura rawanin sarki sai ka ce an canza shi. Abin da ya yi suna a kai shi ne faɗuwa. A ƙarshen wasa sai sun daɗe suna fafatawa da Kang Parlan, ya yi tsalle ya haye karaga, a soke shi, ya tsaya cak, sannan ya tafi da baya gaba ɗaya kamar an sare ayaba. Katako ya yi ƙara har a masallaci. Mutane daga ƙauyuka suke zuwa don wannan faɗuwar kawai, ni kaina da nake mace tun ɗazu nakan buɗe ido na biyu in kalla. Washegari za ka ga Yu Kasirah tana shafa masa mai a baya a ƙofar gida, tana zaginsa da tsohon banza, shi kuma yana murmushi.

Shekarar da nake ba ku labari, lokacin dashe, ya yanke jiki ya faɗi a gonar shinkafa, fuska cikin laka. Wannan faɗuwar ba wanda ya tafa mata. Likita a birni ya ce zuciya ce: ban da gudu, ban da ɗaukar nauyi, ban da fushi. Kang Marwoto ya ce to. 'Ya'yansa suka bugo waya suka ce Baba a bar wasan nan haka, ya ce to. Liman ya yi masa nasiha, ya ce to, ya ƙara da godiya. Mu dai mun san irin wannan "to" ɗin, da ita muka tashi. Girbi na matsowa aka fara hango shi a bayan gida yana kai sara da famfon keke.

Ta roƙe shi. Na ji da kunnena, don katangarmu ɗaya. Pakne take kiransa, wato baban yara, shi kuma ya ce mata Bune, maman yara.

"Pakne, ka ba wani bana. Ka zauna gaba ka yi kallo kamar mai gari."

"To, Bune."

"Kar ka ce mini to! Ka ce ka bari."

"To."

Ta koma wajen Pak Jumeno. Ya ce shi ba zai iya tuɓe mutumin da bai ce ya gaji ba, wa ma zai kalli idon Kang Marwoto ya faɗa masa? Ga dattawa sun ce shekarar da aka taɓa fasa wasan ɓeraye sun cinye rabin gonaki. Ni dai a sanina ɓerayen Watulawang ba sa zuwa kallo, amma ba a tambaye ni ba.

Daga nan sai Yu Kasirah ta yi shiru. Kasuwa ta rikice. Mata suka riƙa zuwa suna taɓa goshinta, akuya ma ta tsaya tana kallonta. Na je na tsaya a gabanta ina jiran jarrabawa, har na fara cewa "Kiai Lintang" da kaina, ba ta ko ɗago ba. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Dik, tsoro nake ji. Mutumin nan in ya hau karagar nan ya yi tsalle, gawarsa za a sauko da ita, mutane na tafi." Tausayinta ya kama ni, na kuma ji haushin mu duka, garin da kowa ya san abin da zai faru amma ladabi ya hana a faɗa.

Ranar biki, bayan azahar, aka yi addu'a, aka raba malmalar shinkafa mai kurkum, filin gidan mai gari ya cika har kan bishiyoyi. Makaɗa suka buga babban kuge, aka ja labule. Wasa ya tafi yadda ya saba har ya zo kaina. Na shigo da gudu na zube.

"Ranka ya daɗe! Rundunar Segara ta ƙetare kogi, masu sun rufe sama!"

Sarki ya miƙe. Daga inda nake durƙushe na ga abin da 'yan kallo ba sa gani: leɓensa ya yi toka-toka a ƙarƙashin kwalliya, numfashinsa na fita da ƙyar, ga shi ko yaƙin ba a fara ba. Ya ɗaga wuƙa. Na rufe ido na karkata wuya yadda na saba.

"Dakata, ranka ya daɗe."

Na buɗe ido. Mafici ya tsaya. Fili ya yi tsit, sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "La! Ashe a fada ma tana da baki!" Aka tuntsire da dariya.

Yu Kasirah ta zagayo gaban karaga a hankali, tana jan zani irin na 'ya'yan sarauta, abin da ban san ta iya ba. Ta ce, da muryar nan tata ta kasuwa, "Wanda ya ƙetare kogin nan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na aika masa ya zo ya gan ni. Tun da aka kawo ni gidan nan ba wanda ya tambaye ni daga ina nake, shi ya sa ba ku sani ba."

Tunda ta faɗa a gaban jama'a, magana ta zauna. Na ga Kang Marwoto yana neman hanyar fita, idonsa na yawo. Ya ce, "Amma... ziyara da runduna?"

"Ba runduna ba ce, dangi ne. Mu mutanen Segara haka muke zuwa, da yawa, kuma da yunwa."

"Ɗan aike ya ce masu sun rufe sama!"

Ta juyo kaina. "Kai! Mashi ka gani ko rake?"

Wuƙa na bisa kaina, idonta na cikin nawa. An hana ka ƙaryata ɗan'uwanka, amma ba a hana ka shakkar idonka ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu da na sake tunani... rake ne. Dogaye. Tsaraba ce."

A bayan labule Pak Jumeno ya kama guntun icen da yake ba makaɗa umarni da shi yana ta ƙwanƙwasawa kamar zai fasa shi, wai a buga taken yaƙi. Makaɗa sun kwanta da dariya. Babban makaɗi ya share hawaye ya sako kiɗan tarbar baƙi. Kang Parlan kuwa yana can baya yana zuƙar taba, bai ji komai ba, ya ji kiɗa kawai ya ɗauka lokacinsa ne. Ya faɗo dandamali da takobin ice yana ruri, "Ina Sarkin Kemuning, yau sai na sha..."

"Yaya!" Ta ruga ta riƙe hannunsa. "Sannu da hanya! Wayyo, dubi yadda ka rame. Matarka ba ta ba ka abinci ne?"

Kang Parlan ya fi kowa tumbi a garinmu. Ya tsaya baki buɗe, ya dubi takobi, ya dube ni a raye, ya dubi leɓen Kang Marwoto. Tsohon ɗan wasa ne, kuma shi ne ya ɗauko abokinsa daga laka ranar nan. Ya sauke hannu ya ce, "Ƙanwata! Ai rabon da in ƙoshi tun da aka kawo ki nan. Ga wannan, na kawo wa surukina ya riƙa yankan gwanda."

Mutane na ta shewa, amma sarki bai yi dariya ba. Ransa ya ɓaci da gaske, jijiyar wuyansa ta tashi, gabana ya faɗi, don fushi ma yana cikin abin da aka hana shi. Ya ce ta tsakanin haƙora, yadda mu kaɗai za mu ji, "Bune, kunyata ni za ki yi gaban gari?" Sannan ya ɗaga murya: "Sarki ba ya mayar da wuƙa kube don maganar mace! A ɗaura wa Mendung sirdi!"

Sai ta durƙusa a gabansa. Muryar kasuwar nan ta tafi, wata ƙarama ta fito, amma har kan bishiya an ji ta.

"In ka fita filin nan ba za ka dawo ba. Shekara da shekaru ina tsaye a bayanka ina kallo kana faɗuwa, ban ce komai ba. Bana ba zan iya ba. Ka yi fushi da ni a gida, ka daina cin abincina in ka so. Amma ka zauna."

Ba wanda ya yi dariya. Duk wanda ke filin ya san zancen gonar shinkafa. Kang Marwoto ya daɗe yana kallonta, wuƙar na sauka a hankali. Dole ya ce wani abu, dole kuma ya kira ta, ga shi wasa bai ba ta suna ba, sarki kuma ba zai ce "Bune" a fada ba. Na ga bakinsa yana motsi yana nema.

"Kasirah," ya ce.

Katangarmu ɗaya da su tun aurensu, ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Ita ma na ga kafaɗarta ta girgiza.

"Tashi, Kasirah. A kawo wa yayanki abinci." Ya mayar da wuƙa, ya zauna a karaga kamar wanda ya sauke buhu.

Ni ne na shiga uku. Ban taɓa wuce wannan wurin a raye ba, ban san me rayayyu ke yi a sauran wasan ba. Na yi ta durƙuso har ƙafafuna suka mutu, su kaɗai, sai da Kang Parlan ya ce, "Kai mai ganin rake, tashi ka kawo shayi." Aka hau da ragowar shinkafa dandamali, sarakuna biyu suka ci suka yi ta gardama a kan wanda garinsa ya fi sauro, har la'asar ta yi aka ja labule ba a kashe kowa ba.

Dattawa sun yi gunaguni. Pak Jumeno ya yi kwanaki yana aski da fushi, har ya kusa cire mini kunne, daga baya da ya ga mutanen ƙauyuka na yabawa sai ya fara cewa dama shi ya tsara. Ɓeraye sun zo daidai yadda suke zuwa kowace shekara. Kang Marwoto ya ɗauke wa matarsa magana na wani lokaci, sai dai da yake dama ba ya magana, ba wanda ya lura sai ita. Abincinta kuwa bai fasa ci ba.

Daga wannan shekarar Kemuning ta daina faɗuwa. Duk biki ana ƙara wani abu. Wata shekara aka aurar da magaji, wata shekara Pak Jumeno ya shafa hoda ya fito a Baturen Holanda, Gimbiya Kasirah ta sayar masa da tempe da tsada ta sa aka raka shi bakin teku. Kang Marwoto na zaune a karaga yana yanke hukunci, ya ma gano yana da bakin barkwanci. Ya ga girbi da dama bayan haka. Ya rasu wata safiya a ƙofar shagonsa, a zaune, ya ci ya sha shayinsa, ga keke a kife a gabansa bai gama ɗaure sarƙa ba. Na yi kuka sosai, ban ɓoye ba.

Da biki ya zagayo aka naɗa surukin Kang Parlan sarki, wani ƙato mai buga bulo. Mun ɗauka Yu Kasirah ba za ta fito ba, sai ga ta cikin kayanta da maficinta. Na shigo da gudu na zube na faɗi labarina, har ina murmushi. Sarki ya ɗaga wuƙa ya tsaya yana jira. Jama'a na jira. Kang Parlan na bayan labule rungume da rake. Mafici na ta kaiwa da komowa. Sabon sarki ya waiga ya dube ta, ita kuwa idonta na can sama da kawunan mutane. Da ya rasa yadda zai yi sai ya soke ni. Na mutu mutuwar da ba ta da kyau, don na manta yadda ake yi. Aka buga taken yaƙi, Kang Parlan ya yar da rake ya nemo takobi, Kemuning ta faɗi.

Na same ta bayan labule zaune a kan akwatin kaya, tana naɗe zanin sarauta.

"Haba Yu! Kina tsaye aka kashe ni. Ina yayanki? Ina Turawan da za su sayi barkono ta taga?"

"Bar su su shigo ta ƙofa, Dik. Na gaji."

"To ko don sarkin ai kya ce wani abu."

Ta ɗago. Kwalliyar idonta ta zubo har kumatu, ba ta goge ba.

"Wannan ƙirjinsa lafiya lau. Ka ga ya faɗi, ga shi can ya tashi yana shan shayi." Ta ci gaba da naɗe zanin. "Nawa ne ba zai tashi ba."